Taron Biki a Titin Kumasi: Masu Zane da Mutanen Zongo

Kumasi birni ne da ya saba da taro. Tun zamanin da sarakunan Asante, waɗanda Hausawan dā ke kira Tonawa, suke riƙe da cinikin goro, shekara ba ta wucewa sai filin birni ya cika da laimomi da tambura da baƙi daga nesa. Har wa yau wanda ya tsaya a Kejetia da yamma zai ga kawunan mutane iyakar ganinsa. Masu zane da dama sun yi ƙoƙarin kama irin wannan taro a kan takarda ko ƙyalle, kowanne da irin idonsa. Tarihin ƙoƙarinsu ya shafi mutanen Zongo, gama tun daga hoton farko baƙin arewa suna ciki, kuma yadda aka zana su ya yi kama da yadda aka riƙa bi da su. Ya shafi masu bi kuma, domin Ikkilisiya ma tana da ido, ya kuwa kamata ta san irin kallon da take yi wa jama'a.

Daren 19 ga Mayu, 1817

A shekara ta 1817 kamfanin 'yan kasuwar Ingila da ke bakin teku a Cape Coast ya aika da jakadu zuwa wurin Sarkin Asante, Osei Bonsu, domin a ƙulla yarjejeniyar ciniki. A cikinsu akwai wani saurayi mai suna Thomas Edward Bowdich, wanda daga baya ya karɓi jagorancin tafiyar. Sun shiga Kumasi ranar 19 ga Mayu da rana tsaka, aka tarye su da harbin bindiga da kiɗa da rawa, har hayaƙi ya hana su ganin gabansu. Bowdich ya ƙiyasta mayaƙan da suka taru a ranar sun kai 30,000.

Bisa ga al'adar Asante, baƙo ne yake fara zagayawa ya gai da manya ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a zaunar da shi, su kuma su zo su rama gaisuwa. Wannan ya ci yini guda. Kafin sarki kansa ya iso wurin da baƙin suke, dare ya yi, wajen ƙarfe takwas. Bowdich ya ba da labari cewa sama ta cika da taurari, masu ɗauke da wuta a kan sanduna suna tafe gaban sarki, hasken yana faɗowa a kan zinariyar da ke jikinsa da kuma ƙoƙunan kan abokan gaba da aka rataya a jikin tambura. Wannan yana cikin labarai mafi daɗewa da aka rubuta a kan taron dare a titin Kumasi.

A cikin wannan taro ya ga wata ƙungiya da ta bambanta da saura. Manyan malamai Musulmi ne guda 17, sanye da alkyabbu farare da manyan rawuna, almajiransu a bayansu da jajayen huluna da dogayen riguna. Babbansu shi ne wanda ake kira Baba, watau Muhammad al-Gamba, mutumin ƙasar Mamprusi. Yawancin Musulmin Kumasi na wancan zamani daga Gwanja da Dagomba da Mamprusi suka fito, tare da Wangarawa da 'yan tsirarun Hausawa. Suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙa layu, suna kuma ciniki. Bowdich ya rubuta cewa sun dube shi da ido mara daɗi. Ba abin mamaki ba ne, gama ɗan kasuwar da ya daɗe a gari ya san ma'anar zuwan sabon ɗan kasuwa daga teku.

Hoton bikin sabuwar doya

Wancan dare Bowdich da kalmomi ya kwatanta shi, bai zana shi ba. Abin da ya zana shi ne bikin Odwira, wanda Turawa suka kira bikin doya, da aka yi a watan Satumba na wannan shekara. An buga hoton da launi a cikin littafinsa da ya fito a Landan a 1819, a kan doguwar takarda da ake naɗewa. Har yanzu da wuya a buɗe littafin tarihin Asante ba a ga wani yanki nasa ba.

Mai duban hoton zai ga sarki a zaune ƙarƙashin babbar laima, ga tutocin Ingila da Holan da Danmak kusa da shi, ga hakimai kowanne da laimarsa, ga makaɗa da masu busa ƙahon hauren giwa, ga kuma masu zartar da hukuncin kisa, domin a wancan zamani bikin ba ya ƙarewa sai an zub da jinin mutane. Turawan da kansu suna ciki, a zaune. A wani gefe kuma ga malamai da rawunansu, ɗayansu yana sa wa wani basaraken Dagomba albarka, shi kuwa yana bisa doki da aka lulluɓe da layu da ƙararrawa.

Bowdich ya rubuta bayanin hoton dalla-dalla, domin mai kallo a Landan ya san wane ne wane. Kowa an ba shi wurinsa bisa ga muƙaminsa da ƙabilarsa. Amma baƙin arewa da tufafinsu aka gane su. An zana rawani da hula da riga sosai, mutumin da ke cikin rigar kuwa an bar shi. Ga Bowdich su wani jinsi ne da ake nunawa da yatsa a gefen taro. Ana iya cewa daga nan aka fara kallon baƙon Kumasi a matsayin alama.

Yadda Zongo ya kafu

Kalmar Zongo daga Hausa ta fito, watau zango, inda ayari ke sauka ya kwana. Shekaru da yawa cikin ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su bar fataken arewa su riƙa shigowa Kumasi yadda suka ga dama ba. A kasuwannin arewa ake tsai da su, musamman Salaga, inda madugai daga Kano da Katsina da Sakkwato suke sauke kanwa da fatu da tufafi, su ɗauki goro. Wannan shi ne fataucin Gwanja da tsofaffi ke ba da labari.

Abubuwa uku suka sāke wannan tsari. A 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da wasu garuruwa. A 1896 kuma Ingilishi suka sāke shiga Kumasi, suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasar, har ya ƙare a tsibirin Seychelles. Cikin sojojin da suka yi wa Turawa wannan aiki akwai waɗanda ake kira sojan Hausa, ko da yake ƙabilu dabam dabam ne, harshen bariki ne ya haɗa su. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, da isowar jirgin ƙasa a 1903, hanya ta buɗe sarai. Hausawa da Mosawa da Yarbawa da Fulani da Zabarmawa da Wangarawa da Dagombawa suka yi ta zuwa, kowace ƙabila da shugabanta, Sarkin Zongo kuma a bisansu. Unguwanni irin su Alabar da Aboabo da Asawase da Sabon Zongo suka zama gari a cikin gari, Hausa kuwa ta zama harshen da Bamoshe da Bayarabe za su yi ciniki da shi.

Da mutane suka zo, bukukuwansu ma suka biyo su. Daren azumi a Zongo titi ba ya barci: masu shayi da masu tsire da masu waina suna kunna fitilu, yara suna kai da kawowa har sahur. Bayan ƙaramar salla ana yin hawan da mutanen Kumasi ke kira Gangara, sarakunan ƙabilu su fito da dawaki da kalangu. Dagombawa suna da bikinsu na wuta, Bugum, wanda da dare ake yinsa. Amma na'urar ɗaukar hoto ta farkon zamani ba ta iya kama irin wannan, domin tana bukatar hasken rana da mutum mai tsayawa cik. Fritz Ramseyer, ɗan mishan na Basel wanda ya yi zaman bauta a hannun Asante daga 1869 zuwa 1874, ya kuma komo Kumasi a 1896 ya kafa ikkilisiya, ya ɗauki hotuna da yawa a Gwalkwas. Irin waɗannan hotuna na rana ne, na mutanen da aka jera aka ce kada su motsa. Taro mai motsi cikin duhu sai mai fenti.

Sa'ad da fitila ta sāke zane

A daidai shekarun da Zongon Kumasi yake kafuwa, masu zane a Turai suna fama da wata sabuwar matsala. Biranensu sun cika da mutanen da suka baro ƙauyuka neman aiki, fitilun gas da na lantarki kuma sun mai da dare lokacin yawo. Tsohuwar hanyar zane, irin ta Bowdich, wadda ke ba kowa fuskarsa da muƙaminsa, ta kāsa ɗaukar wannan sabon taro, gama a titin babban birni ba wanda ya san na kusa da shi.

A farkon 1897 Camille Pissarro, dattijo mai fama da ciwon ido wanda ya hana shi aiki a fili, ya kama ɗaki a wani masauki a Faris, ya riƙa zana titin Montmartre daga taga. Ya zana shi da safe, ya zana shi cikin ruwa, ya zana shi ranar bikin da Turawa ke yi kafin shiga kwana 40 na azumi, lokacin da jama'a suka cika titi maƙil. Sau ɗaya ya zana shi da dare, wannan hoton kuwa yana gidan ajiye zane-zane na ƙasa a Landan. A cikinsa fitilun lantarki sun jeru a tsakiyar titi da haskensu fari, tagogin kantuna suna ba da haske rawaya, kekunan doki sun yi layi da 'yan fitilunsu, ƙasa a jiƙe tana mai da hasken duka. Mutanen da ke gefen titi kuwa ɗigo ne kawai na baƙin fenti. Ba fuska ko ɗaya. Pissarro bai yi haka don rashin gwaninta ba. Abin da ido ke gani ke nan daga bene da dare.

Shekaru tara kafin haka, a 1888, wani saurayi ɗan Beljiyam, James Ensor na garin Ostend, ya zana hoton da ya fi wannan tsanani. Ya sa masa suna Shigar Almasihu Birnin Brussels a 1889. Tsayinsa ya kai wajen mita biyu da rabi, faɗinsa ya wuce mita huɗu. Iyalin Ensor suna da kanti inda ake sayar da fuskokin aro na biki, shi kuwa ya cika titin da su: fuskokin dariya, fuskokin maye, har da ƙoƙon kan matacce. Ga 'yan badujala na soja, ga magajin gari a kan dakali, ga jan ƙyalle na 'yan siyasa an ɗaura a sama. Mai kallo zai daɗe yana nema kafin ya ga Yesu. Yana can tsakiya, ɗan ƙarami, a kan jaki, ya ɗaga hannu, kusan ba mai duban wajensa. An ce biki nasa ne, amma kowa yana bikin kansa. Abokan aikin Ensor ba su nuna hoton ba. Ya zauna a gidansa har 1929 kafin jama'a su gan shi, a 1987 kuma gidan ajiye zane-zane na Getty da ke Amurka ya saye shi.

Waɗannan biyu da ire-irensu su ne suka buɗe abin da ake kira zanen zamani. Abin da suka gano shi ne, taron birni yana haɗiye mutum. Pissarro ya nuna haka da haske, Ensor ya nuna shi da fuskar aro.

Makarantar Kumasi

Wannan sabon zane ta hanyar makaranta ya iso Gwalkwas. Kwalejin Achimota da aka buɗe a 1927 kusa da Akra tana da sashen zane da sana'ar hannu, inda Kofi Antubam ya yi karatu, shi ne wanda daga baya ya tsara kujerar shugaban ƙasa da takobin mulki na sabuwar Gana. A 1952 aka ɗauke sashen zuwa sabuwar kwalejin fasaha ta Kumasi, wadda ta zama jami'a a 1961, ita ce ake kira Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. Ta haka Kumasi ta zama cibiyar koyon zane a ƙasar.

A cikin waɗanda suka fito daga nan, babu wanda ya ba da ransa ga zanen taro kamar Ablade Glover. An haife shi a La, cikin Akra, a 1934, ya yi makarantun Presbyterian, ya yi koyon aikin malanta a Kumasi a 1957 da 1958. Daga nan ya tafi Landan ya koyi tsara zanen atamfa, sa'an nan Newcastle, inda wani malaminsa ya ba shi shawara ya ajiye buroshi ya ɗauki 'yar wuƙar da ake cuɗa fenti da ita. Ya ƙarasa karatu a Amurka, ya sami digirin dakta a Ohio a 1974, ya koyar a jami'ar Kumasi har ya zama shugaban kwalejin zane, ya yi ritaya a 1994.

Abin da Glover ya yi ta zanawa shekara da shekaru shi ne abin da mazaunin Kumasi ke gani kullum: kasuwa, tashar mota, rufin kwano masu tsatsa da suka haɗu da juna, jama'a suna murna da tutoci, da kuma sahun Musulmi a filin salla, ɗaruruwan bayan mutane cikin fararen riguna sun sunkuya gaba ɗaya. Yakan dubi taron daga sama, kamar mai tsayuwa a kan bene. Yakan ɗebi fenti da kauri ya manna da wuƙa, ɗigo bayan ɗigo, wani hoton ya rinjaya ja kamar garwashi, wani rawaya, wani shuɗi kamar bayan magariba. Wanda ya matso kusa da hoton ba zai ga kome ba sai dunƙulen fenti. In ya ja da baya taki huɗu ko biyar, sai kasuwa ta bayyana, har ya ga kamar ana motsi.

Akwai bambanci babba tsakaninsa da Bowdich. Glover ɗan ƙasa ne, kuma mutanen da Bowdich ya ajiye a gefe shi ya cika ƙyallensa da su daga wannan baki zuwa wancan. Ɗan makarantar mishan ne ya dubi masu salla ya ga abin girmamawa, ya zana su ba da ba'a ba. Sarki da laimarsa sun fita daga hoton, talaka ya shiga. Duk da haka fuska ba ta dawo ba.

Fuska tana wurin wasu masu zane dabam. Atta Kwami, wanda shi ma ya koyar a jami'ar, ya nuna a littafinsa na 2013 a kan zanen Kumasi cewa birnin yana da makaranta ta biyu, watau rumfunan masu rubuta alluna a bakin titi, waɗanda ke zana allon aski da jikin mota da hoton mamaci. Sananne a cikinsu shi ne Kwame Akoto, wanda ya buɗe rumfarsa a 1972, daga baya ya tuba ya zama mai wa'azi, ya riƙa rubuta gargaɗi a gefen hotunansa. Irin waɗannan masu zane mutum ɗaya suke ɗauka, su zauna a kan idonsa da tsagen fuskarsa har mai shi ya ce, ni ne. Farfesa ya ga taro, mai rumfa ya ga mutum. Birnin yana bukatar idon nan biyu.

Kallon nesa da abin da ya haifa

Abin da ke gaskiya ga hoton Glover, akasinsa ne gaskiya ga mutane. Hoto sai an ja da baya ake gane shi, mutum kuwa sai an matso. Tarihin Zongo cike yake da hukuncin da aka yanke daga nesa.

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi. Hukumar Turawa ta dubi tsohon Zongo ta ga cunkoso da ƙazanta, sai ta rushe gidaje ta mai da mutane Sabon Zongo. Lalle akwai dalilin lafiya, amma wanda aka rushe wa ɗaki ya san abin da ya rasa. A 1957, 'yan watanni bayan samun mulkin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori manyan Zongon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, saboda suna cikin jam'iyyar Musulmi mai hamayya. Sun kai ƙara cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba dukan baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Dubban mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau manyan motoci, cikinsu har da waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibi, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Gana irin wannan, wajen mutum miliyan ɗaya suka kama hanya. A kowane karo kalma ɗaya ce ta rufe fuskoki duka: baƙi.

Masu bi a cikin Zongo

A cikin wannan taro akwai waɗanda aka fi mantawa da su. Yawancin mutane, in an ce Zongo, Musulunci kawai suke tunani. Gaskiya ne Musulmi su ne mafi yawa, su ne kuma suka kafa unguwannin. Amma bishara ta daɗe da shiga arewacin Gana. Limaman Katolika na ƙungiyar White Fathers sun sauka Navrongo a 1906 daga ƙasar Mosi. Sun buɗe Jirapa a 1929, a 1932 kuma, bayan an yi addu'a cikin fari ruwa ya sauko, Dagaaba dubbai suka zo neman koyarwa. 'Yan mishan na Assemblies of God sun isa Yendi a 1931. 'Ya'yan waɗannan masu bi, Frafra da Kasena da Builsa da Dagaaba da Kusasi, sun gangaro kudu aikin gonar koko da haƙar zinariya a Obuasi da aikin ɗan sanda da gadi. Da yawansu a Zongo suka sami masauki, gama a nan ne ake karɓar baƙo ba a tambayi danginsa ba, kuma a nan suka ƙara gogewa da Hausa.

Irin wannan mai bi yakan sami kansa a tsaka mai wuya. Ɗan gari ya ji harshensa ya ga rigarsa, ya ɗauka Musulmi ne. Maƙwabcinsa na Zongo kuma yana ganin addinin Kirista kayan Tonawa ne da mutanen bakin teku. In ya je majami'a ranar Lahadi, da Tonanci ake wa'azi da waƙa, sai ya zauna a bencin baya ya tashi bai ƙaru da kome ba. Da yawa sun daina zuwa ba tare da kowa ya lura ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 Ikkilisiyar Presbyterian ta Gana ta fara wani shiri na musamman domin 'yan arewa mazauna biranen kudu, inda suke sujada da harsunansu. Sama da shekara 90 ke nan bayan komowar Ramseyer. Ikkilisiya ta daɗe tana kallon Zongo daga bene.

Akwai kuma abin godiya. Zaman Kirista da Musulmi a Gana ya fi na wurare da yawa lafiya, gida ɗaya yakan haɗa su, ana aika wa juna naman salla da shinkafar Kirsimati. Ranar Lahadin Ista ta 2019 Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya yi karatu a Kumasi yana saurayi, ya shiga majami'ar Christ the King a Akra ya zauna tare da masu sujada, lokacin cikarsa shekara 100. Irin wannan zumunci ba ya samuwa sai tsakanin mutanen da suka matso suka ga juna.

Yadda Ubangiji ya dubi taro

Masu bi a Kumasi su ma suna cika titi. Ranar Lahadin ganyen dabino yara da manya suna zagaya gari da waƙa. A zamanin Bishop Peter Sarpong, wanda ya kama aiki a 1970, Katolikan Kumasi sun riƙa yin jerin gwanon Jikin Almasihu da laima da tambura da ƙahoni, kamar yadda ake rakiyar sarkin Asante, domin su shaida cewa Yesu shi ne Sarki. Daren 31 ga Disamba majami'u suna cika har waje, da ƙarfe goma sha biyu kuma titi ya ɗauki sowa. Duk wannan abu ne mai kyau. Amma tambayar Ensor tana nan a kan kowane irin wannan taro, ko na wace ɗarika ne: a ina Almasihu yake cikin hoton, kuma wa yake dubansa?

Littafi Mai Tsarki ya nuna Yesu a tsakiyar taro sau da yawa, kuma kowane karo mutum ɗaya yake tsamowa. A Markus sura 5 jama'a suna matsa shi ta kowane gefe, almajiransa ma sun ga ba shi yiwuwa a san wanda ya taɓa shi, amma ya tsaya har macen da ta yi shekara 12 tana zub da jini ta fito, ya kira ta 'yarsa. A Luka sura 19 dukan Yariko ta fito kallo, shi kuwa ya ɗaga kai ya kira Zakka da sunansa daga kan itace. Akwai ma taron dare da fitilu a cikin Bishara, a Yahaya sura 18, sa'ad da aka zo kama shi a lambu. A cikin wannan duhu da hargitsi, Bitrus ya ga abokan gaba ya zare takobi, Yesu kuwa ya ga wani bawa da aka sare wa kunne, Luka ya ce ya taɓa shi ya warkar. Yahaya har ya rubuta sunan bawan, Malkus.

Wannan shi ne idon da aka ba Ikkilisiya ta koya. 'Yan matan arewa da ke ɗaukar kaya a ka a Kejetia, waɗanda ake kira kayayei daga kalmar Hausa ta kaya, kowace tana da suna da garin da ta baro da uwa mai jiran aike. Maigadin da ke kwana a ƙofar majami'a yana da harshen da yake addu'a da shi. Malamin allo na maƙwabta yana da ciwon da za a iya zuwa a gaishe shi. Fasto ko dattijon ikkilisiya da ya san adadin mutanen Zongo amma bai taɓa zama a kan tabarmar ɗayansu ba, hoton Glover kawai ya gani. Mai bi ɗan Zongo kuma, wanda ya san zafin a dube shi a ga riga, shi ne ya fi kowa sanin yadda ake gyara wannan, kuma bai kamata ya yi wa Batone ko maƙwabcinsa Musulmi irin kallon da aka yi masa ba.

Bowdich ya ga rawuna, Pissarro ya ga ɗigo ƙarƙashin fitila, Ensor ya ga fuskokin aro, Glover ya ga yawan jama'a da kyansu. Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya, ya kuma cancanci a tsaya a dubi aikinsa. Amma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Makiyayi mai kyau da suna yake kiran tumakinsa, wanda kuwa yake so ya bi sawunsa a Alabar ko Aboabo ko Sabon Zongo, sai ya sauko daga bene, ya shiga titi, ya yi sallama, ya tambayi suna.